Yadda ake sauke bidiyo daga intanet a gyara masa zama kafin a shiga editin

Wani azumi da ya wuce, wani bawan Allah ya kawo mini aiki. Karatun malaminsu ne da aka watsa kai tsaye a Facebook da wayar hannu, yana so in yanko masa gutsattsari na minti uku-uku, in sa rubutu a ƙasa. Na sauke bidiyon ta wani shafin kyauta, na jefa shi cikin manhajar editin, na kama yanka. Farkon karatun lafiya lau. Ina kaiwa wajen minti 40 sai na ga malam ya rufe baki amma murya na ci gaba, ya ɗaga yatsa yana nuni alhali maganar da ta dace da nunin ba ta iso ba tukuna. Na zargi kwamfuta, na zargi manhaja, na kashe na kunna har sau biyu. Sai bayan sahur na gano cewa fayil ɗin da na sauke ne mai ciwon, kuma da na duba shi na minti ɗaya tun farko da na yi barcina.

Tun daga ranar na gane cewa yawancin wahalar da edita ke sha a kan teburinsa, tun wajen saukewa ya sayo ta da datarsa. Don haka rabin wannan bayani a kan zaɓe ne kafin a danna, sauran rabin kuma a kan juyawa.

Bidiyon na wane ne?

Wannan tambaya ce ta farko, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba. Ƙa'idojin YouTube sun hana sauke bidiyo sai ta hanyar da shi kansa ya tanada ko da izinin mai abu. Idan ka ɗauki aikin wani ka sake ɗorawa, na'urarsu ta Content ID kan gane shi, ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai shi ko ta toshe bidiyon. Idan mai abu ya kai ƙara da kansa, gargaɗi ne za a rubuta maka, kuma uku cikin kwana 90 sun isa a rufe tashar da ka yi shekaru kana ginawa. A Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Duk wanda ya ga yadda satar fasaha ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan fina-finan Hausa ya san maganar ba wasa ba ce.

Abin da ya halatta yana da yawa: bidiyonka da asalinsa ya ɓace, na wanda ya ba ka aiki, wanda mai shi ya yarje maka a rubuce ko da ta saƙon waya ne, da waɗanda aka saki da lasisin Creative Commons, wato izinin da mai abu ke ba jama'a su yi amfani da aikinsa bisa wasu sharuɗɗa. Pexels da Pixabay na ba da hotunan bidiyo kyauta. Wikimedia Commons da Internet Archive cike suke da tsofaffin abubuwa, sai dai ka karanta lasisin kowane ɗaya.

Kafin ma ka sauke, tambayi mai aikin ko asalin fayil ɗin na nan a wayarsa. Duk abin da ya bi ta YouTube ko Facebook an matse shi, an zubar da wani abu daga ingancinsa. Idan yana nan, ya turo maka ta WhatsApp a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har gigabayit 2 ba tare da taɓa shi ba. Idan ya tura shi yadda aka saba tura bidiyo, WhatsApp zai sake matse shi, ka tashi da fuska kamar an shafa mata koko. Idan kuma tasharka ce, maɓallin saukewa na YouTube Studio ba ya wuce 720p, amma Google Takeout, shafin Google na kwaso kayanka, kan dawo maka da abin da ka ɗora.

Buhu daban, hatsi daban

Mutane da yawa na cewa "ai MP4 ne, me ya sa ya ƙi buɗuwa?" MP4 buhu ne kawai. Haka MKV, WebM da MOV. Abin da ke cikin buhun shi ake kira kodek, wato hanyar da aka bi aka matse hoton da sautin. Buhu iri ɗaya zai iya ɗaukar gero, zai iya ɗaukar masara, kuma injin niƙa ruwansa da abin da ke ciki.

A YouTube kodek uku za ka tarar na hoto. H.264, wanda ake rubuta shi avc1, shi ne tsoho, ya fito tun 2003, kuma kusan babu manhajar editin ko kwamfutar da ba ta san shi ba. VP9 na Google ne. AV1 shi ne sabo, ya fi su iya matsewa, amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta ƙwarai. Na sauti kuma biyu ne: AAC da Opus. Ga mai editin, H.264 da AAC su ne masu sauƙin kai. Matsalar ita ce YouTube ba ya ba da H.264 sama da 1080p, saboda haka duk wanda ya nace sai 4K, dole ya karɓi VP9 ko AV1, ya kuma shirya juyawa.

Wani abu kuma: YouTube yana ajiye hoto daban, sauti daban. Manhajar da ke saukewa ita ke ɗinke su. Shi ya sa wasu shafukan kyauta ke ba ka 360p mai sauti, ko 1080p bebe.

Kayan aiki

Ni dai na daina bin shafukan da ake liƙa adireshi a danna kore ko jan maɓalli. Maɓallan ƙarya sun fi na gaskiya yawa, ba sa gaya maka wane kodek suke ba ka, wasu kuma sai sun sake matse bidiyon kafin su miƙo. Abu uku nake amfani da su, duk kyauta.

Na farko yt-dlp, wanda ya tsiro a 2021 daga tsohuwar manhajar youtube-dl. Duk da sunansa, yana sauke daga Facebook, Instagram, TikTok, X da ɗaruruwan wasu shafuka. Na biyu FFmpeg, wanda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara a shekarar 2000. Shi ne injin da ke cikin manhajojin juya bidiyo da yawa da ake sayar wa mutane da tsada. Na uku MediaInfo, mai leƙa cikin buhu.

Kada baƙin allon rubutu ya tsorata ka, layi huɗu ko biyar ne za ka riƙa maimaitawa. A Windows 10 ko 11, buɗe Command Prompt ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

winget install yt-dlp.yt-dlp
winget install Gyan.FFmpeg
winget install DenoLand.Deno

Layi na ukun, na wata manhaja mai suna Deno, ya zama dole ne tun ƙarshen 2025, lokacin da yt-dlp ya fara buƙatar irinsa kafin ya iya fito da duk nau'o'in bidiyon YouTube. Mai Mac zai yi amfani da brew install yt-dlp ffmpeg deno. Bayan an gama, rufe allon ka sake buɗewa.

Ƙirƙiri folda ta wannan aikin. Shiga cikinta, danna wurin da adireshin folda yake a sama, goge abin da ke wurin, rubuta cmd, ka buga Enter. Allon zai buɗe a cikin foldar, duk abin da ka sauke nan zai faɗo.

Saukewa

Kada ka fara da saukewa. Fara da tambayar abin da ke akwai:

yt-dlp -F "adireshin bidiyo"

Harafin F babba ne, kuma ka sa adireshin tsakanin alamomin zance kamar yadda na yi. Jeri zai fito, kowane layi da lambarsa, girman hoto, firam nawa a daƙiƙa (firam su ne hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo), kodek, da nauyin fayil. Wurin nauyin nan shi ne abokin mai sayen data. Za ka ga 1080p na awa guda ya kai gigabayit ɗaya ko biyu, 720p kuma kusan rabin haka. Idan aikin na sitatus ne ko TikTok, ka tsaya ka tambayi kanka ko 720p bai isa ba.

A YouTube lambobin ba su cika canzawa ba. 137 shi ne 1080p na H.264, 136 shi ne 720p, 140 kuma sautin AAC. Don haɗa hoto da sauti:

yt-dlp -f 137+140 "adireshin bidiyo"

Idan ba ka son neman lamba kullum, ko kana sauke daga wani shafin da lambobinsa suka bambanta, ga layin da na ajiye a Notepad nake kwafowa:

yt-dlp -S "vcodec:h264,res:1080,acodec:aac" --merge-output-format mp4 "adireshin bidiyo"

Ma'anarsa: fifita H.264, kada ka wuce 1080p, ɗauko AAC, zuba su a buhun MP4. Wanda bai faɗi haka ba, yt-dlp zai zaɓo masa abin da yake ganin ya fi inganci, sau da yawa AV1 ko VP9 da Opus, ya ba shi a WebM ko MKV. Don kallo ba laifi, don editin kuwa ka sayo aiki.

Idan minti uku kawai kake so daga taron awa biyu, ba sai ka sauke duka ba. Ƙara wannan a layin:

--download-sections "*12:00-15:30"

Ka bar rarar daƙiƙa goma gaba da baya, domin yankan ba ya faɗawa daidai inda ka ce. Idan kuma sauti kaɗai ake so, -x --audio-format wav ya wadatar.

Sabis ya yanke ko an ɗauke wuta? Kada ka goge fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .part. Sake buga layin nan dai, zai ɗora daga inda ya tsaya. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin shafukan kyauta. Ranar da kuma yt-dlp ya fara kawo jan rubutu yana ƙin aiki, mafi yawan lokuta YouTube ne ya canza wani abu, sai ka sabunta da yt-dlp -U, ko winget upgrade yt-dlp.yt-dlp idan ta nan ka saka shi.

Leƙa cikin buhu

Buɗe fayil ɗin da MediaInfo, ka zaɓi View sannan Text. Abu huɗu za ka duba: Format na hoto, Frame rate, Frame rate mode, da Sampling rate na sauti.

Na ukun nan, Frame rate mode, shi ya hana ni barci. Kyamarar aiki tana ɗaukar adadin firam iri ɗaya kowace daƙiƙa, 25 ko 30, ba ragi ba ƙari. Waya ba haka take ba. Idan haske ya ragu ko ta yi zafi, sai ta rage firam, ta dawo ta ƙara. Haka bidiyon da aka naɗa daga fuskar waya ko kwamfuta, haka watsa shiri kai tsaye idan sabis na rawa. Manhajar kallo kamar VLC ba ta damu ba, tana bin agogon da ke cikin fayil ɗin. Manhajar editin kuwa tana son ta jera firam a layi kamar bulo, kowane da faɗi ɗaya. Idan bulon ya gaza, hoton zai riƙa gajarcewa kaɗan-kaɗan, sautin na tafiyarsa, har baki da murya su rabu. A minti na farko ba za ka lura ba. Idan ka ga an rubuta Variable, to sai an juya. Idan Constant ne, kuma H.264 ne, jefa shi cikin editin kai tsaye ka gwada. Juyawar da ba dole ba ɓata lokaci ne da rage inganci.

Juyawa

Hali uku ne, kowane da maganinsa.

Na farko, hatsin lafiya lau, buhun ne manhajarka ba ta so. Misali H.264 da AAC a cikin MKV. Sauya buhu kawai (a wurin "shiga" sa sunan fayil ɗinka, "fita" kuma sunan sabon da zai fito):

ffmpeg -i shiga.mkv -c copy fita.mp4

Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya gama, kuma ko ƙwayar inganci ba ta zube ba, domin ba a taɓa hoton ba.

Na biyu, firam na rawa, ko kodek ɗin VP9 ko AV1 ne, kuma ba ka da wurin ajiya mai yawa. Mayar da shi H.264 mai tsayayyen firam:

ffmpeg -i shiga.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 16 -preset fast -g 15 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k -ar 48000 -af aresample=async=1 fita.mp4

Lambar crf ita ce ma'aunin inganci, kuma a juye take: ƙarama ta fi kyau ta fi nauyi. Tsakanin 16 da 18 ido ba ya ganin bambanci da asali. 48000 kuma shi ne ma'aunin sautin da aikin bidiyo ke tafiya a kai, alhali AAC na YouTube a 44100 yake zuwa.

A kula da lambar fps, wato firam nawa a daƙiƙa. Talabijin a Najeriya da Nijar a kan 25 yake, don haka editoci da yawa sun saba da ita, har sukan mayar da komai 25. Amma waya 30 take ɗauka, kuma mayar da 30 zuwa 25 na nufin zubar da firam ɗaya cikin kowane shida. A fuskar mai magana ba a gani, amma idan kyamara na juyawa ko ana rawa a wajen biki, za ka ga hoton na ɗan tsalle. Ni abin da nake yi, in MediaInfo ya nuna 29 da wani abu, in sa 30. In ya nuna kusa da 25, in sa 25. Idan aikin ba gidan talabijin za shi ba, kuma yawancin kayan na waya ne, duk aikin ma a 30 nake buɗe shi.

Wanda ba ya son rubutu, HandBrake zai yi masa wannan. Zaɓi Production Standard a jerin Presets, shiga Video, sa Framerate, ka tabbata Constant Framerate aka zaɓa, ba Peak ba.

Na uku, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau amma kwamfutar na shaƙewa duk lokacin da ka ja layi baya ko gaba. A nan sai an fahimci yadda ake matse bidiyon intanet. Ka ɗauki mai shago da littafin bashinsa: ba kullum yake rubuta jimilla ba, sau ɗaya yake rubutawa, sannan ya bi da "an ƙara ɗari biyu, an rage hamsin". In ka tambaye shi bashin ranar Talata, sai ya koma jimillar baya ya lissafo. Haka H.264 da 'yan'uwansa suke. Cikakken hoto ɗaya ne bayan 'yan daƙiƙoƙi, sauran duk bayanin abin da ya canza ne. Mai kallo gaba kawai yake yi, ba matsala. Edita kuwa tsalle yake yi, kowane tsalle sai kwamfutar ta koma ta yi lissafi. Wannan -g 15 da na sa a layin sama, umarni ne a riƙa rubuta jimilla kowane firam 15, don lissafin ya yi sauƙi.

Maganin gaba ɗaya shi ne kodek ɗin da aka yi don editin, wanda kowane firam cikakke ne. Biyu ne sanannu: ProRes na Apple, da DNxHR na Avid. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna karɓar su.

ffmpeg -i shiga.webm -vf fps=30 -c:v prores_ks -profile:v 1 -pix_fmt yuv422p10le -c:a pcm_s16le -ar 48000 fita.mov

Lambar profile daga 0 take zuwa 3 a aikin yau da kullum: 0 Proxy, 1 LT, 2 na tsakiya, 3 HQ. Kuɗin da za ka biya shi ne wurin ajiya. Awa guda ta 1080p a firam 25 tana cin kusan gigabayit 38 a LT, 55 a na tsakiya, 83 a HQ. Na sha ganin yara suna juya bidiyon Facebook zuwa HQ suna murna wai sun ƙara masa kyau. Ba su ƙara komai ba sai nauyi. Gari ba ya komawa tsaba, abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi. Haka ma ɗaga 360p zuwa 1080p, dishi-dishin ne kawai zai ƙara girma. Ga duk abin da aka sauke daga intanet, LT ya isa har ya yi yawa.

Kuma kada ka juya awa biyu alhali minti uku za ka yi amfani da su. Sa -ss 00:12:00 -to 00:15:30 kafin -i, sai ya juya wannan yankin kawai. Shutter Encoder, shi ma kyauta, yana yin ProRes da DNxHR da maɓalli ga wanda ya fi son haka. Mai amfani da DaVinci Resolve na kyauta a Linux kuwa ba shi da zaɓi, domin a can ba ya karanta H.264 ko AAC, dole sai wannan hanya ta uku.

Mai aiki da waya kaɗai

Yawancin masu yanka bidiyo yanzu a CapCut, KineMaster ko InShot suke yi, kuma waɗannan sun fi manhajojin kwamfuta haƙuri da firam mai rawa, tunda don bidiyon waya aka gina su. Inda suke tuntuɓe shi ne AV1 a kan waya mai araha: ko ya ƙi shiga, ko ya shiga da baƙin allo sauti na tafiya. A Android akwai Seal da YTDLnis, dukansu yt-dlp ne aka yi wa riga mai maɓallai. Ba sa Play Store, a shafukansu na GitHub ake samun su. Shiga saitinsu ka fifita H.264 da MP4 sau ɗaya, ka huta. Kada ka karɓi irin waɗannan manhajoji ta Xender daga hannun wanda bai san inda ya samo su ba, musamman a wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka.

Idan mai iPhone ne zai turo maka kaya, roƙe shi tun kafin ya ɗauka ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, ya kuma kashe HDR Video. Tun daga iPhone 12 wayoyin ke ɗaukar HDR, wato hoto mai ƙarin haske da launi, kuma idan ka haɗa shi da sauran bidiyo sai ka ga farar shadda ta ƙone fat, ko launin ya koɗe kamar tsohon atamfa.

Kafin ka fara yanka

Jefa sabon fayil ɗin cikin editin, ka tsallake kai tsaye zuwa minti biyun ƙarshe. Nemi inda mai magana ya furta kalma mai "b" ko "m", inda leɓe ke haɗuwa, ka ga ko sautin ya faɗo tare da haɗuwar. Idan ƙarshe ya daidaita, tsakiya ma ta daidaita.

Ajiye asalin da ka sauke a folda daban, kada ka goge shi sai an karɓi aiki an biya. Na ProRes ɗin shi za ka share daga baya, tunda ko yaushe za ka iya sake fitar da shi. Ni nakan ajiye ƙaramin fayil na Notepad a gefe, in rubuta adireshin da na sauko da kowane bidiyo da sunan wanda ya ba da izini, saboda bayan wata shida ba wanda ke tunawa.

Idan kuma ka zo kwafe babban fayil zuwa filash ya ce ba wuri alhali kana ganin wuri, filash ɗin a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabayit 4. Kwashe abin da ke ciki tukuna, domin fomatin zai share komai, sannan ka yi masa fomat zuwa exFAT, wanda Windows da Mac duk suke karantawa.